Takarda ta Biyu a Bakin Kaka

Kwana biyu da rasuwar Kaka, da hantsi, ina tsaye a bayan asabarin zaure da ƙwaryar kunu a hannuna, ina jiran Baffa ya karɓa ya kai wa maza, sai na ji wata murya da ban sani ba ta ce, "Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ya huta. To marigayin nan, ya yi lakwal ne?"

Tun ranar da aka kai shi makwancinsa nake jin maganganun masu gaisuwa. Wani ya tambayi ciwon, wani ya tambayi ko ya bar wasiyya, wata tsohuwa daga Dungu ma ta tambayi wanda zai gaji gangar. Amma ban taɓa jin an zo gaisuwar tsohon da ya haura tamanin an tambayi ko ya yi lakwal, wato makarantar boko, ba. Na leƙa ta tsakanin karan asabarin. Mutum ne matsakaici, da farar shadda mara aiki. Takalminsa yana gefe guda shi kaɗai, ba a cikin tarin takalman jama'a ba. Akwai carbi a hannunsa amma ba ya ja.

Liman ya sunkuyar da kai. Sai abokin Kaka, tsohon nan mai sayar da rake a bakin tasha, ya gyara murya.

"Lakwal? Ai Faransanci a bakin marigayi ya fi Hausa sauƙi. Ɓoyewa dai yake yi, ba ya son fariya."

"Haka ne," in ji wani. Wani ma daga can lungu ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Kunu ya zubo mini a yatsu, ban ji zafinsa ba. Kaka bai taɓa taka ƙofar lakwal ba. Ko sunansa ba ya rubutawa da boko, yatsa yake dangwalawa. Duk wanda ke zauren nan ya san haka, kuma duk ya san wadda take karanta masa takardun buro, ofishin hukuma. Ni ce.

"Ikon Allah," in ji baƙon. "To da ido ya yi rauni fa, wa ke taimaka masa?"

"Ga kunu ya iso," in ji Baffa. Ya taso ya ɗaga asabarin ya karɓi ƙwaryar, bai dube ni ba. A hankali ya ce, "Koma ciki. Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan."

A cikin gida mata sun cika tabarmi. Wata tana ba da labarin yadda muryarsa ta sa ta kai ɗanta allura shekarar ƙyanda. Wata ta ce tun tana amarya take saita girkinta da gangarsa ranar kasuwa. Maƙwabciyarmu ta share ido ta ce, "Yanzu kuma wa zai gaya mana abin da ke cikin takarda?" Nan take wata Hajiya ta dafa mata gwiwa. "Ke, addu'a ake yi a gidan makoki." A can ƙarshen tabarma akwai wata mata mai tabarau da shuɗin mayafi, ba ta magana da kowa. Na san ta da gani. Ita ce mai buga takardu a buro. Ba danginmu ba ce, ba unguwarmu take ba, kuma duk sa'ad da na ɗaga kai sai in tarar idonta yana kaina.

Ina rubuta wannan a sauran kayen lise, littafin rubutuna na sakandare, da ya rage mini. Ba zan sa sunan kowa ba, kuma in na gama zan ba Inna ta ajiye a ƙasan kwallarta har ranar da zai yiwu a karanta. Ba na son a manta da Kaka, kuma ba na son abin da zai rage game da shi ya zama abin da aka rubuta a buro kawai.

Kaka, mahaifin Babana, shi ne mai shelar Matameye. Ubansa ma mai shela ne, shi ya riƙa zagaya garin nan zamanin kumandan Nasara yana faɗin ranar haraji da ranar aikin hanya da ranar kai gyaɗa wurin awo. Kaka ya karɓi gangar yana saurayi, ana gab da sauke tutar Nasara. Daga baya buro ya ba shi amsa-kuwwa mai cin pil, wato batir, amma bai yar da ganga ba. Sai ya buga ta sau uku tukuna ya ɗaga amsa-kuwwar.

Takardar shela kullum da Faransanci take zuwa. Da can wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, shi yake juya masa, da ya rasu Babana ya karɓa, da Baba ya fara tafiya cin rani Kano aikin ya faɗo kaina. Ina kwaleji a lokacin. In ambulan ya iso sai in ji shi daga zaure:

"Amarya! Zo, surukanki sun aiko."

"Ni ban auri tsoho mai haƙori huɗu ba."

"Biyar ne. Me ake koya muku a lakwal ɗin, in ba ku iya ƙirga ba?"

Yana da wata ɗabi'a da ba ya sauyawa. Sai na fara karanta masa da Faransanci yadda suka rubuta, kafin in juya da Hausa, alhali ba ya jin ko kalma ɗaya. Na taɓa tambayarsa amfanin hakan. Ya ce yana sauraren inda muryata za ta yi tuntuɓe ne, don nan abin yake. Kansa kuwa ba ya zubar da komai. Sau ɗaya ake faɗa masa magana. Wani lokaci don ya tsokane ni sai ya maido mini da jimla guda ta Faransanci cif, har da yadda nake murɗa baki irin na mushenmu, Inna tana daga madafa tana toshe dariya da mayafi don kunyar suruki.

A shelarsa bai taɓa cewa "na ce" ba. "Hukuma ta ce," shi ke nan. Amma mutanen gari sun san yadda ake karanta ƙafarsa. In maganar allurar yara ce, ko ruwan tafki ya ɓaci, ko za a yi feshin fari, da ƙafa yake bin lungu-lungu har sai muryarsa ta dushe. In kuwa taryar wani babba ce, wuri uku yake tsayawa, kasuwa da tasha da ƙofar masallacin Juma'a, ya faɗa ya dawo gida ya sha furarsa. Ba wanda zai ce bai yi aikinsa ba.

Ya yi shelar soja sun zo gyara. Ya yi shelar farar hula sun zo gyara abin da soja suka gyara. Sunan mai kujera ya sauya a bakinsa ban san sau nawa ba. Yakan ce ubansa ya lura da abu ɗaya ranar da Nasara zai tafi: bai ɗauki kujerarsa ba, bai ɗauki teburinsa ba, bai ɗauki harshensa ba. "Mutum in da gaske tafiya zai yi, ai kwashe kayansa yake yi." Da aka fara zancen an rabu da tsofaffin iyayen gida an samu sababbin abokai, samari suna ta murna a majalisa, shi dai ya ce Allah ya sa alheri ne. Da muka rage mu biyu ya ƙara da cewa, na da da na yanzu, ba a taɓa ba shi shelar cewa jama'a su zo su ji abin da aka sa wa hannu da sunansu ba.

Duk da haka ba wanda ya kai shi son ranar zaɓe. Babbar rigarsa ta Salla yake sawa, shi ne na farko a layi, ya dawo yana nuna wa kowa tawadar da ke yatsansa. Na ce masa, "Kaka, kai da ka ce duk ɗaya ne?" Ya ce, "Rana ɗaya ce tak suke jin tsoronmu. Zan bari ta wuce ni ina kwance?"

Wata rana ina haddar darasi a tsakar gida, ina maimaita ma'anar dimokuraɗiyya kamar yadda mushe ya rubuta a allo, ya ce in juya masa. Na ce mulki ne da jama'a ke zaɓen masu yinsa, kuma suna iya sauke su. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, sannan ya ce:

"A cikin abin nan naku, akwai mai shela?"

"Wane irin mai shela kuma?"

"Wanda zai tsaya a ƙofar buro ya buga ganga ya ce, jama'a sun ce. Ni tun gashina yana baƙi nake ɗauko magana daga sama ina saukewa ƙasa. Ko sau ɗaya ba a ɗora mini ta ƙasa na hau da ita ba. Ranar da aka ɗauki wannan mai shelar, ki sa a zo kabarina a gaya mini."

Akwai ranar da ba a manta ba a kasuwa. An ba shi shelar a fito bakin hanya a tari wani babba, ya buga ganga ke nan sai wata mata daga ƙauyen Yauri ta faɗo gabansa tana ihu, 'yarta mai shekara uku ta ɓace a cikin cunkoso. Kaka ya cusa takardar a aljihu. Ya tambaye ta kalar rigar yarinyar da irin kitsonta, ya shiga rumfa-rumfa yana kira. Sai bayan azahar aka same ta tana barci a ƙarƙashin amalanken masu rake. Babban ya zo ya wuce, mutanen da suka tare shi ba su cika inuwar bishiya ɗaya ba. Aka kira Kaka aka yi masa faɗa. Da ya dawo aka tambaye shi me ya ce musu, ya ce ya gaya musu shi babban ai bai ɓace ba.

Rigimarsa mafi tsanani da ɗansa ya yi ta, Baffa, ƙanen Babana. Baffa ɗan siyasa ne. Jam'iyya uku na san ya shiga, kuma duk wanda ya hau kujera za ka same shi a kwamitin goyon bayansa. Wani lokacin zaɓe ya shigo da shadda a leda, ya durƙusa gaban Kaka.

"Baba, magana ɗaya ce za ka ƙara. In ka faɗi ranar zaɓe, ka ce a tuna da wanda ya gina rijiya. Ba ka ambaci sunan kowa ba."

"Wa ya gina rijiyar?"

"Alhaji mana, ɗan takararmu."

"Ni mutanen unguwa na gani da igiya da guga wata biyu suna haƙa. Alhajinka ranar ɗaukar hoto ya zo."

Baffa ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a gabansa ba. "Shekara nawa kana yi wa kowa shela, me ka tara? Ganga da tari!"

"Na tara kunnen mutane. In na sayar maka da shi yau, gobe in na ce kwalara ta shigo kada a sha ruwan tafki, wa zai yarda? Ɗauki ledarka."

Wata biyu ba su haɗa ido ba. Sai da zazzaɓi ya kwantar da Baffa sannan Kaka ya shiga ɗakinsa ya zauna a bakin gado yana kore masa ƙuda da mafici. Ba wanda ya ba wani haƙuri, a haka maganar ta mutu.

Yanzu sai abin da ya sa baƙon nan ya zo zaurenmu.

Ambulan ya iso wata Laraba da safe. Da na buɗe sai na ga takardu biyu an haɗa su da ɗan ƙarfen nan na manne takarda. Ta farko irin wadda muka saba ce: babban baƙo zai zo daga Yamai, kowane gida ya fito filin taro don nuna goyon baya. Na karanta, na juya. Da na ɗaga ta biyu sai muryata ta tsaya tun a layin farko.

"Kaka, wannan ba taka ba ce. An rubuta sirri a samanta. Ta masu unguwa ce."

"A ambulan ɗina ta zo?"

"A ciki ta zo."

"To karanta."

Na karanta. An umarci masu unguwa su lura da duk gidan da bai fito ba, su rubuta sunan mai gidan su kai buro. Gidajen da mazansu ke cin rani a Najeriya kuma a sa musu alama daban, ko sun fito ko ba su fito ba. A ƙarshe an ce kada jama'a su san da wannan. Rabin gidajen unguwarmu mazansu suna Kano ko Legas, har da namu.

Ya ce in sake karanta masa da Faransanci. Na sake. Ya ce in ƙara, a hankali, tun daga lambobin da ke can sama har sunan muƙamin wanda ya sa hannu. Sau uku ke nan, shi da sau ɗaya yake isarsa. Na ɗauka kunnensa ne ya fara nauyi. Na roƙe shi ya mayar musu da ita ya ce kuskure aka yi. Ya ce in je in dama masa kunu.

Da la'asar na ji gangar daga bakin kasuwa, kuma iska ta kawo mini maganar har tsakar gida.

"Jama'a, a saurara! Hukuma ta ce jibi babban baƙo zai iso, kowane gida ya fito fili. Hukuma ta kuma ce, amma ba ku ta gaya wa ba, masu unguwa ta gaya wa, duk gidan da bai fito ba a rubuta sunan mai gidan a kai buro. Ta ce gidan da mazansa ke cin rani a sa masa alama daban. Ta kuma ce kada ku sani. To, kun dai ji!"

Bai tsaya a wuri uku ba. Lungu-lungu ya bi, da ƙafa.

Ranar taron ban taɓa ganin fili ya cika haka ba. Har makafi an jawo, har masu jego sun fito. Sai dai ba wanda ya dubi dandamalin. Kowa ya juya wa babban baƙo baya yana neman mai unguwarsa. "Ka rubuta na zo!" "Mai unguwa, ga ni, ga matata, ga uwata, ka gan mu?" Wata tsohuwa ta riƙe wa namu riga ta ce ba za ta saki ba sai ya nuna mata inda ya sa sunan ɗanta. Babban yana jawabi, hayaniyar ta rufe shi. Na yi dariya ranar nan, Allah ya yafe mini. Ban san abin da ke tafe ba.

Washegari aka aiko kiransa daga buro. Ya sa farar riga, ya rataya amsa-kuwwar, ya sa takardun a aljihu, ya fita da hantsi. Bai dawo ba sai bayan la'asar, ƙafafunsa sun kumbura, kafaɗarsa ba komai. Inna ta tambaye shi daga bayan ƙofa ko lafiya. Ya ce ya mayar musu da kayansu ne. Da na kai masa ruwa ya riƙe mini hannu.

"Amarya, in an tambaye ki, ke kunu kike dama mini. Aikinki ke nan a gidan nan."

Tarin da yake fama da shi ya tsananta daga ranar. Kwana huɗu ya yi a kwance. Ya cika da safe, rana ta ɗan ɗaga, Baffa yana riƙe da kansa. Ko ajalinsa ne kawai ya zo, ko wunin nan ne ya ƙarasa shi, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Abin da na sani shi ne abin da kowa ya sani a garin nan. Wanda aka ce ya fitar da sirrin hukuma, mota ake zuwa da ita a kai shi Damagaram a ce ana bincike, binciken kuma ba shi da ranar ƙarewa. Tsoho ya faɗa, amma wani ne ya karanta masa. Saura wata biyu in zauna jarrabawar bak ta gama sakandare.

Baƙon nan mai farar shadda ya dawo ranar sadakar uku. Na hango shi daga saman katanga yana tsaye da Baffa a gindin bedi, suna magana ƙasa-ƙasa, har Baffa yana dariya yana riƙe masa hannu da hannu biyu. Baffa yana cikin kwamiti, kuma mutumin da ya sauya jam'iyya uku me zai hana ya ba da sunan 'yar wansa don ya tsira da wurinsa? Na daina cin abin da ya fito daga ɗakin matarsa. Na kwashe littattafaina na Faransanci na cusa a buhun ƙaiƙayi, kamar hakan zai sa gari ya manta shekarun da na yi ina wucewa da kayan lakwal. Ko moto mai ƙafa biyu ta tsaya a ƙofar gida sai na ji fitsari ya kama ni.

Baba ya kira daga Kano. Bai samu zuwa jana'iza ba, kuma da ya ji zancen alamar da ake sa wa gidajen 'yan cin rani sai ya ji tsoron tahowa. Ya ce a sa ni a mota ta bakin iyakar Ɗan Barto in same shi. Inna ta ce, "Yarinya ta bar gidan makokin kakanta tun ba a yi bakwai ba? Ai mun gaya musu da kanmu ke nan." Suka yi ta jayayya har waya ta yanke. Matar buro mai tabarau kuwa kullum sai ta zo, ta zauna a ƙarshen tabarma, ta tafi.

Ranar bakwai, bayan la'asar, an raba waina mata sun fara watsewa, sai ta ɗaga murya ta ce wa Inna, "Hajiya, a ba ni buta. Yarinyar nan ta nuna mini makewayi." Inna ba ta je Makka ba, amma ba ta gyara mata ba. Ta dube ni, na dube ta. Na ɗauki butar na shige gaba.

Da muka kai bayan rumbu ta tsaya, ta cire tabarau.

"Ni na haɗa takardun nan biyu."

Na ce, "Kuskure ne?"

"Haka na rubuta a bayanina." Ta waiga. "Saurara, ba ni da lokaci. Ina ɗakin ranar da aka kira kakanki. A benci suka bar shi cikin rana har azahar. Da aka shigo da shi mai gida, shugaban buro, ya tambaye shi wa ya karanta masa. Ya ce shi ya karanta abinsa. Aka yi dariya. Mai gida ya miƙa masa takardar ya ce, to bismilla. Ya karɓa, ya kawo ta kusa da fuska, ya fara da Faransanci tun daga lambobin sama. Ina bin sa da ido a kwafin da ke hannuna. Har ƙasa ya kai, bai tsallake kalma ɗaya ba."

"Amma Kaka ba ya..."

"Na sani. Mai gida ma ya sani. Idonsa a wuri ɗaya ya tsaya tun farko har ƙarshe, ko motsi bai yi ba. Amma in aka ce ke ce, sai an kai ki Damagaram, a can kuma za a tambayi yadda takarda ta fita daga buro, wa ya sa hannu, wa bai duba ba. Tsoho mai tari ya fi wa kowa sauƙi. Suka karɓe abin maganarsa suka sallame shi ana fitowa sallar azahar."

Azahar. Shi kuwa sai bayan la'asar ya iso gida. Sai a lokacin na gane inda ya kai kumburarrun ƙafafun nan, da dalilin da ya sa mai rake da sauran tsofaffi suka amsa wa baƙo da baki ɗaya.

"Mutumin da yake zuwa zaure fa?"

"Daga sama aka turo shi ya tabbatar. Yana son shaidu uku. Baffanki ne ya fara sa hannu cewa ubansa yana karatun boko tun suna yara, shi ya kawo sauran biyun."

"Don ni ya yi, ko don kansa?"

"Wannan kuma ki tambaye shi, in kina iyawa. Yau da safe na buga takardar rufe maganar. An ce marigayi ya karanta da kansa, ya yi shela da kansa, kuma ya rasu. Ba sunanki ko a layi ɗaya. Kin tsira."

"Har yaushe?"

Ta mayar da tabaraunta. "Har ranar da aka canja mai gida, wani ya zo yana tonon laifin na gabansa. Ki ci jarrabawarki, ki kama bakinki."

"Ke fa?"

"An tura ni can gabas, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Jibi zan tafi."

Ta karɓi butar ta zuba ruwan a ƙafafunta da hannayenta don a ga alamar jiƙa, ta koma tsakar gida. Ina jin ta tana cewa da ƙarfi, "To Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri, Allah ya sa bakin wahalarsa ke nan."

Ni kuwa na zame na zauna a gindin rumbun. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, inuwa dai ta kai katanga sa'ad da Inna ta zo ta tsuguna a gabana.

"Me ta ce miki?"

Na buɗe baki zan gaya mata. Sai na tuna katangarmu gajera ce, kuma ban san wa ke bayanta ba.

"Ta ce mu yi haƙuri."

Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta sa gefen zanenta ta goge mini fuska, ta kama hannuna ta tashe ni.

Allah ka jiƙan Kaka, ka sanyaya masa ƙafafun da ya gajiyar saboda mutanen garin nan, ka yalwata masa inda yake kwance. Bai yi wa jama'a ƙarya da gangarsa ba ko sau ɗaya. Wadda ya yi a buro, da wadda ya roƙi tsofaffi su yi a zaurensa, saboda ni aka yi su. Ka ɗora mini su, kada ka tambaye shi.